Filin Tambaya da Amsa: Idan Mai Gadin Kwamfuta Ya Zama Nauyi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar cinya da na saya shekara shida da suka wuce, da ita nake shirya jarabawar ɗalibai, yara kuma suna aikin makaranta a kanta. Ta zo da antibairos a cikinta, daga baya ƙanena ya ƙara mini wani, ya ce tsaro biyu ya fi ɗaya. Tun daga lokacin, idan na kunna ta sai in yi kusan minti goma ina jira kafin ta karɓi umarni, fankarta tana ƙara, jikinta yana zafi. Wani ya ba ni shawarar in cire su duka in huta. Ya zan yi? — Wata malamar makaranta

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ƙanenki ya yi da kyakkyawar niyya, amma a wannan fage ba a yin sarki biyu a gari ɗaya. Antibairos, wato manhajar da ke kare kwamfuta daga ƙwayoyin cuta, yana zama ne tsakanin manhajojinki da faifan ajiya, ta yadda duk fayil ɗin da za a buɗe, ko a kwafa, ko a sauke daga intanet, sai ya tsayar da shi ya duba, ya gwada shi da bayanan ƙwayoyin cutar da ya sani, sannan ya ba shi hanya. A lokacin kunna kwamfuta ana buɗe ɗaruruwan ƙananan fayiloli cikin ɗan lokaci, kowanne kuma sai ya bi ta wannan ƙofa. Idan masu gadin biyu ne, aikin ba ninkuwa kawai yake yi ba, domin idan na farko ya buɗe fayil zai duba, na biyu yana ganin an taɓa fayil sai shi ma ya tashi, wani lokaci ma kowannensu ya riƙa zargin ɗan'uwansa, su riƙe fayil ɗaya suna ja-in-ja ke kuma kina zaune kina kallon linzami yana juyawa.

Kamfanin Microsoft ya san da wannan matsala. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, yake saka cikakken antibairos mai suna Defender a cikin Windows, kuma an tsara shi ya ja da baya da kansa da zarar an saka wani, ya dawo bakin aiki idan an cire wancan. Sauran kamfanoni ba lallai ne su yi wa juna wannan kara ba.

Kafin ki cire komai, ina so ki ga abin da idonki. Bayan kin kunna kwamfutar, ki danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare, shafin Task Manager zai buɗe. Za ki ga jerin manhajojin da ke aiki, a gefensu kuma ginshiƙai masu nuna abin da kowacce take ci. Ki danna kan ginshiƙin Disk domin masu cin faifai su hau sama, ki zuba ido na kamar minti goma sha biyar. Idan kika ga adadin ya maƙale a kashi 100 kuma sunayen antibairos ɗin nan biyu ne a sama, to kin kama mai laifi. Idan kuma ya hau na ɗan lokaci ya sauka, sabuntawa ce ko bincike na lokaci-lokaci, wanda za a iya mayar da shi zuwa sa'ar da ba kya aiki. Sunan Antimalware Service Executable, idan kin gan shi, na Defender ne, kada ya tsorata ki.

Shawarata ita ce ki cire su biyun ta hanyar Settings, sashen Apps, ɗaya bayan ɗaya, kina sake kunna kwamfutar bayan kowanne. Irin waɗannan manhajoji sukan bar saiwa a cikin Windows ko bayan an cire su, shi ya sa manyan kamfanoni suke da 'yar manhajar share ragowa ta musamman: McAfee yana da MCPR, Avast yana da Avast Clear, Norton kuma yana da Remove and Reinstall. A shafin kamfanin kaɗai ake ɗaukar su. Daga nan ki buɗe Windows Security, shafin tsaro na Windows, ki tabbatar alamomin sun koma kore, alamar Defender ya dawo bakin aiki. Wannan ya bambanta da shawarar da aka ba ki ta zama babu tsaro, wadda ban yarda da ita ba ko kaɗan, musamman a kwamfutar da yara suke sauke abubuwa kuma ake soka mata filashin mutane.

Sai dai akwai abin da zan ƙara, domin sau da yawa akan bar jaki a riƙa dukan taiki. Kwamfutoci da yawa masu shekarun taki suna da tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda a kwamfutar cinya yakan yi zagaye 5400 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai kai da komowa yana neman bayanai. Babu aikin da yake wahalar da irin wannan faifai kamar karanta dubban ƙananan fayiloli a warwatse, kuma shi ne ainihin aikin antibairos. Idan aka haɗa da ƙwaƙwalwar RAM (inda kwamfuta take riƙe abin da take aiki a kai na ɗan lokaci) mai gigabayit 4, wadda take cika da wuri har Windows ta koma tana aron wuri a faifan, to ko mai gadi ɗaya zai ji nauyi. Sauya faifan da SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, da ƙara RAM zuwa gigabayit 8 idan kwamfutar tana karɓa, sun fi duk wata manhajar da ake tallatawa da sunan ƙara sauri amfani. Zafin da ƙarar fanka kuma, a sa mai gyara ya duba ko ƙura ce ta toshe mafitar iska.

Tambaya: Malam, antibairos ɗina ya ɗauke wata manhajar lissafi da nake aiki da ita, yanzu ta ƙi buɗewa. Shin ta tafi ke nan? — Wani ɗalibi

Amsa: Da wuya ta tafi, ɗan'uwa. Yawanci ba gogewa ake yi ba, killacewa ake yi a wani keɓantaccen wuri, kuma a tarihin ayyukan antibairos ɗin za ka ga sunan fayil ɗin da zaɓin mayar da shi. Kuskure irin wannan yana faruwa, har ga manyan kamfanoni. A watan Afrilun 2010 wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki svchost.exe, wanda yake jigo ne a cikin Windows XP, a matsayin ƙwayar cuta, kwamfutoci masu yawa suka riƙa mutuwa suna tashi ba iyaka. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma sabuntawar kamfanin manhajar tsaro CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi, ko da yake wannan ya shafi ma'aikatu ne ba gidaje ba. Manhajar tsaro tana zaune a can cikin zuciyar kwamfuta, saboda haka tuntuɓenta yakan kayar da gida duka.

Amma kafin ka mayar da fayil ɗin, ka tambayi kanka daga ina ka samo manhajar. Idan daga shafin masu ita ne, ka mayar da ita, ka saka ta cikin jerin abubuwan da aka ɗauke wa bincike. Idan kuwa irin wadda aka fasa ce domin a kauce wa biyan lasisi, to ka gaskata antibairos ɗinka, domin ta wannan ƙofa ɓarayin kalmar sirri suke yawan shigowa. Kada kuma ka taɓa ɗauke wa foldar saukar kaya bincike gaba ɗayanta don neman sauƙi.

Tambaya: Kullum saƙo yana fitowa cewa kwamfutata tana cikin haɗari, in biya kuɗi a gyara. In biya? — Wani magidanci

Amsa: Ka fara duba inda saƙon yake fitowa, Malam. Idan a cikin burauza ne, ko yana ɗauke da lambar waya da za a kira, damfara ce, domin shafin intanet ba shi da ikon bincika faifanka. Ka rufe shi, ka shiga saitin burauzar ka janye izinin sanarwa da aka ba shafin. Idan kuma daga antibairos na kyauta ne, talla ce mafi yawan lokuta, kuma na kyauta ma akwai abin da ake biya a ɓoye: a 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta sa Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi suka ziyarta ta hannun reshensa Jumpshot, wanda aka rufe a 2020.

Ga mai amfanin gida, ina ganin Defender ya wadatar matuƙar Windows tana samun sabuntawa. Wanda yake son wani daban ya duba sakamakon cibiyoyin AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya, waɗanda suke auna ƙarfin kariya da kuma nauyin da kowane antibairos yake ɗora wa kwamfuta. Ka kuma duba wace Windows ce a kwamfutarka, domin tallafin Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Idan kuɗin da kake shirin biya zai kai ka ga Windows mai samun sabuntawa, can ya kamata ya tafi.