Shin zan iya ƙona poison ivy da ya mamaye lambuna?

Tambaya: Ina zaune a jihar Jojiya ta Amurka. Tsiron nan mai ganye uku-uku da ake kira poison ivy ya mamaye bayan gidana har ya hau bishiya, kuma ɗana ya fito da ƙuraje masu ruwa bayan ya taɓa shi. Wani ɗan'uwa ya ce in sare shi in ƙona kamar sharar gona.

Amsa: Malam, Allah Ya ba yaro lafiya. Shawarar ɗan'uwan nan kuwa ka yi watsi da ita, domin na gaji da jin ta daga bakin masu zaton kowace ciyawa wuta ce maganinta.

Dafin tsiron wani maiƙo ne mai suna urushiol, dangin wanda ke cikin ɓawon kashu, kuma yana cikin ganye da kara da saiwa, ko da tsiron ya bushe. Wuta ba ta gamawa da shi. Hayaƙi ne ke ɗaukarsa ya kai shi ido da maƙogwaro da huhu. Abin da ka gani a fatar ɗanka, shi ne zai iya faruwa a hanyar numfashinka, inda babu halin wankewa, har numfashi ya gagara. Hayaƙin kuma bai san katanga ba, zai shiga gidan maƙwabcinka. Masu cewa sun taɓa ƙonawa ba abin da ya same su, iska ce kawai ta yi musu rana. Wanda ya shaƙa ya ji ƙirji ya ɗaure, a kira lambar agajin gaggawa ta Amurka, 911, nan take.

Ƙananan tsiron ka tuge su da saiwarsu bayan an yi ruwa, sanye da riga mai dogon hannu da safar hannu mai kauri, ka ƙulle su a leda ka kai shara, kada ka zuba cikin taki. Wanda ya hau bishiya kada ka jawo shi. Ka datse shi daga gindi, ka shafa wa kututturen maganin ciyawa mai triclopyr ko glyphosate, ka maimaita idan ya sake tohowa.

Da ka gama, ka wanke jiki da sabulu da ruwan sanyi, ka wanke tufafi su kaɗai, haka adda da takalmi, domin maiƙon yana iya shekaru a jikinsu bai mutu ba. Ruwan ƙurajen yaron ba ya yaɗa cutar, kuma sukan warke cikin mako 2 zuwa 3, amma idan sun kai fuska ko kusa da ido, a kai shi asibiti.