Kada ki ajiye takardar nan, ki kai 'yarki asibiti

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce makaranta ta aiko da takarda, idon hagun 'yarki mai shekara 4 ya nuna 4.7 a gwajin gani (a ma'aunin nan 5.0 ne cikakken gani), ko dole ne a je asibiti? Dole ne. Irin takardar nan aka aiko mini a kan ɗana, na ninke na jefa a durowa, a nan Guangzhou, ƙasar Sin.

Wata maƙwabciyarmu ce ta kashe mini gwiwa. Wai haka Sinawa suke, kowane yaro sai sun maƙala masa tabarau don neman kuɗi, wai idon 'ya'yanmu ba irin nasu ba ne. Na biye mata shekara ɗaya da rabi. Ranar da muka je, likita ta rufe wa ɗana idon dama, ta nuna masa harafin E ɗin nan na jikin allo. Yaron ya yi ta karkata kai yana son leƙowa ta gefe, can ya ce, "Mama, ba na gani." Ashe ƙwaƙwalwarsa ta daɗe da jingina da ido ɗaya, ɗayan ya raunana. Kuka na yi ta yi a jirgin ƙasa har gida. Da na gaya wa matar nan, buɗar bakinta sai ta ce ƙaddara ce. Ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Malaman ba da ka suke rubutawa ba. Ƙa'idar da hukumar lafiyar ƙasar ta fitar a 2021 ta ce a duba idon yaro sau 13 daga haihuwa zuwa shekara 6. Ɗan shekara 4 in ya samu 4.8 ko ƙasa, a tura shi asibiti. Daga shekara 5 kuwa 4.9. Haka in ido ɗaya ya fi ɗaya da layi biyu a allon gwajin.

Don Allah ban da shagon tabarau. Ki nemi asibitin ido, irin na Zhongshan da ke nan Guangzhou. Za su sa mata maganin buɗe ƙwayar ido kafin awo; in atropine ne, sai ta yi mako biyu zuwa uku ba ta ganin na kusa sosai, haske kuma zai dame ta, ki tanadi hula.

Wayar nan ma a rage. Awa biyu a waje kullum likitoci suke cewa, mu kuwa muna kulle yara a bene. Ɗan nawa har yau muna fama da mannen da ake rufe masa ido mai lafiyar don raunanan ya yi aiki, yana ɓallewa yana kuka. Ki kama layin ganin likita ta manhajar WeChat yau, ki tafi da fasfonta da takardar.