Lezata tana kamawa da kanta, kuma ta ƙi rage haske

Tambaya: Malam, ina harkar sauti da fitilun biki a nan Katsina, ta wajen Ƙofar Ƙaura. Na yi odar leza shuɗiya mai wat 1 tare da allon direbanta, wato allon da ke sarrafa wutar da ke shiga lezar, ina so in haɗa ɗan injin da zai riƙa zana haske a bango. Allon yana da wurin 12V da GND (wato ɓangaren negatif), sai wasu ƙafafu biyu da aka rubuta musu TTL+ da TTL-. Ina ba shi wuta sai lezar ta kama, tun ban jona komai ba. Da na sa Arduino, ƙaramin allon kwamfuta da ake sarrafa na'urori da shi, sai ta riƙa ƙyaftawa barkatai, rage haske kuma ya gagara.

Amsa: Ƙanena, kafin ka sake taɓa allon nan, ka nemi tabarau na leza wanda aka yi wa shuɗin haske mai tsawon zango 445 zuwa 450 nanomita. Duk lezar da ta haura miliwat 500 tana aji na 4, mafi haɗari, taka kuwa ta ninka haka. Ko hasken da ya dawo daga tayil ko gilashin taga yana iya ƙona ido kafin ka ƙifta. Baƙin gilashin rana ba ya tare komai.

Kamawar da take yi da kanta ba lalacewa ba ce. Direbobi da yawa in aka bar ƙafar TTL, wadda ke karɓar umarnin kunnawa da kashewa, a sake, suna ɗauka an ce su kunna. Wannan ne ya fi damuna, domin ƙafafun Arduino ma a sake suke na ɗan lokaci idan yana tashi, kuma waya tana iya zarewa ana tsakiyar biki. Ka sa rizisto, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 10,000 tsakanin TTL+ da TTL-, a jikin allon direban. In ba ta mutu ba, ka sauko zuwa om 1,000. Abin da ake so shi ne duk abin da ya katse, lezar ta mutu.

Ƙyaftawar kuwa, ina kyautata zaton waya ɗaya ka ja. TTL+ zai tafi ƙafar siginar Arduino, TTL- kuma dole ya haɗu da GND ɗinsa, in ba haka ba direban ba shi da ma'aunin da zai gane folt 5 da shi. Ka murɗe wayoyin biyu tare, ka gajarta su, ka nisanta su daga wayar 12V. Kada 12V ya taɓa ƙafar TTL ko sau ɗaya.

Sai rage haske. TTL abu biyu kawai ya sani: folt 0 a kashe, folt 5 a kunne. Za ka iya yaudarar ido da PWM, wato kunnawa da kashewa da sauri, amma Arduino Uno yana yin haka ne kusan sau 490 a daƙiƙa. A ɗigo ɗaya zai yi kyau. Da zarar madubai na injin zanen sun fara juya hasken, layin zai fito a gutsuttsure. In da gaske kake son zane, ka sayi direba mai shigar analog, wanda haske ke bin folt 0 zuwa 5 daki-daki. Shi ne ke tafiya da ILDA, tsarin jona na'urorin wasan leza mai soket DB25 mai ƙafafu 25, inda shuɗi yake ƙafa ta 7 da ta 20, GND kuma ta 25.

Kada ka cire ko ka jona kan lezar alhali direba na da wuta, nan take take mutuwa. Lokacin hunturu kuma, da iskar Katsina ke bushewa, ka taɓa ƙarfe kafin ka kama ta, saboda wutar da jiki ke tarawa. A wurin biki ka ɗaga hasken sama da kawunan mutane, ya ƙare a bango, kada ka sake shi sararin sama, ga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa nan kusa da gari.