Kalangun zaure da kalangun biki

Salamu alaikum jama'a. Yaya, na ji saƙonka, wai me ya sa na kare yaron nan da ya yi ta kuskure da kalangu a zaure, alhali ni ne na yi wa makaɗin bikin ƙanwarmu faɗa. Na gane, so kake ka ce ina da son kai, to wallahi ba haka ba ne.

Yaron nan fa bayan isha'i ne, mu shida a kan tabarma, ba wanda ya ba shi ko sisi. In ya matse tsarkiya ba daidai ba kiɗan ya karkace sai mu ɗaga shi da amshi ya dawo hanya, ai haka ake koyo. Mata in sun kifa ƙwarya a ruwa ranar suna wa ke bin diddigin wadda hannunta ya yi gaba ko baya? Kuma da kiɗan ƙwaryar nan Barmani Choge ta taso a Funtuwa har ƙasa duka ta san ta.

Amma ka karɓi kuɗin mutane, an kafa rumfa an ɗauko lasifika, ka zo da kalangu fata ta saki saboda damina ko ɗan gasawa ba ka yi ba, 'yan amshi biyu ɗaya yana ta danna waya... kai a'a, bari in gyara, ba ma fatar ce ta ƙona min rai ba. Sunan ne. Sau uku yana wasa Baba da sunan kakan da ba namu ba, a gaban surukai! Kuma tun da safe na zaunar da shi na jero masa sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, yana ta ce min ya riƙe ya riƙe. Har yau in na tuna yadda Baba ya sunkuyar da kai sai raina ya ɓaci.

Su Narambaɗa da Ɗanƙwairo za su tsaya gaban sarki da kotso ba su san asalin gidansa ba? Ko Shata, Allah ya jiƙansa tun 1999 ya rasu, da yake ƙaga waƙa nan take, ka sa tsohon kaset ka ji yadda 'yan amshi ke karɓe masa, ba mai... to shi ke nan dai.

Sannan don Allah wanda ya ɗauki bidiyon yaron ya goge, kar ya kai Facebook, in aka yi masa dariya ba zai ƙara taɓa gula ba.