Tambaya da amsa: Kayan wasan kwaikwayon 'yan lakwal a kan fadar Damagaram

Tambaya: Ni malama ce a wata firamare da ke Birni, Zinder. Za mu yi wasan kwaikwayo a kan fadar Sarki Tanimun a bikin ƙarshen shekara, da yara 18. Kuɗinmu kaɗan ne. Ta ina zan fara da kayan sawa?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kafin ki taka Kasuwar Dole, zauna ki rubuta sunan kowane yaro, matsayin da zai fito, da fitowa nawa zai yi. Daga nan raba takardar uku: abin aro, abin gwanjo, abin ɗinki. Zannuwan matan fada, tabarma da ƙorai duk aro ne a gidajen iyaye. Kuɗin tela ya tafi kan sarki da dogarai, domin su ne mai kallo zai gane daga nesa tun ba su buɗe baki ba.

Rigar sarki ba sai an yi mata ɗinkin manya ba. A auna yaron daga kafaɗa zuwa idon sawu, a rage santimita 10, a ninka biyu, a ƙara 10 na kalmasa. Yaro mai tsawon mita 1 da 40, mita biyu da rabi na yadi mai faɗi sun ishe shi har da aljihu. A ninka yadin biyu, a yanke wuya a tsakiya, a haɗe gefe daga ƙasa kamar taƙi ɗaya kawai, sauran a bar shi buɗe. Kada a ji tausayin santimita goman nan da aka rage: riga mai jan ƙasa ita ke kayar da sarki a gaban jama'a. Aikin wuya kuma, aska biyu ko aska takwas, a zana shi da fensir a bi da fenti, kowane layi kaurin yatsa. A sa kwali cikin rigar kada fentin ya ratsa baya. Siririn zare ba ya ganuwa daga mita goma, asarar kuɗi ce.

Rawani shi ke ba da kunya. Yaro ya yi gaisuwar fada sau biyu, sai ya warware. A samo hula daidai kansa, a naɗa farin yadi marar nauyi, mita uku, a kanta tana bisa kan yaron, a cire a hankali, a ɗinke kowane zagaye da hular da zare. Ya zama abin kifawa. Amawalin a bar shi ƙasan haɓa. In ya rufe baki, na layin baya ba za su ji komai ba.

Dogarai ja da kore ne, kamar yadda ake ganinsu a ƙofar fada. Amma jan yadi mai araha yana zuba. A wanke shi shi kaɗai tun kafin yanka har ruwan ya washe, in ba haka ba gumi zai kwashe jan ya shafa wa farar rigar sarki. Wankin nan ma yana sa auduga ta gama tsukewarta kafin a auna. Yadin leda kuwa a guje shi: a zafin Mayu da Yuni yaro zai jiƙe sharkaf, kuma ba ya kama rini.

Talakawa da fatake, tsofaffin fararen riguna na gwanjo sun wadatar. A jiƙa su minti 30 cikin ruwan shayi mai kauri, a shanya ba guga, su yi launin an sha tafiya.

A kula da zamani. Tanimun ya rasu a 1884, Faransawa kuwa sai 1899 suka kama Zinder, don haka sojan Nasara ba shi da gurbi a wannan fada. Alkyabba da jar dara sun dace, tunda ayarin Tarabulus na kawo irinsu. Abin da ke tona asiri ƙanana ne: agogon hannu, silifas na roba, wandon lakwal yana leƙowa ƙarƙashin riga. Takalmin fata ko ƙafa ba takalmi. Takobi na kwali ne mai ninki uku da aka liƙa wa takarda mai sheƙi, mashi kuma kara. Ƙarfe ko allurar maƙalawa kada su kusanci yaro. A yi amfani da mazagi da igiya.

Saura mako guda, a yi gwaji da cikakkun kaya, a wurin da za a yi wasan, kuma a daidai lokacinsa. Ki tsaya can layin ƙarshe, ki sa su durƙusa, su yi gudu, su ɗaga hannu. Abin da ya zame ko ya yage, akwai sauran kwanakin gyara. Bayan gwajin, kayan kowane yaro su shiga leda mai sunansa, su kwana a makaranta, kada a bari a tafi da su gida. Ranar wasa a ajiye mutum ɗaya bayan fage da allura, zare fari da ja, da almakashi.