Ƙanina yana hira da "AI" a cikin gem har tsakar dare, in damu ko in ƙyale shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon gem a unguwarmu, PS4 biyu da PS5 ɗaya, don haka ba baƙo bane ni a harkar. Ƙanina ɗan shekara 12 yana buga Free Fire a wayar mamanmu, kwanan nan kullum iyafis na kunnensa yana ta surutu har wajen ƙarfe ɗaya na dare, Hausa da ɗan Turanci, yana ƙyalƙyala dariya. Na tambaye shi da wa yake magana yace min AI ce, wai yanzu gem sun ci gaba, har ta yi masa alƙawarin dayamon, wato kuɗin cikin gem ɗin. Na ga bidiyon Darth Vader na Fortnite yana amsa wa mutane magana, shi yasa na kasa ƙaryata shi. Da gaske an kai nan? Kuma nan gaba da baki kawai za mu riƙa buga gem? Wallahi hankalina bai kwanta ba.

AMSA

Wa'alaikumussalam ɗan uwa. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Wanda ƙaninka yake hira da shi mutum ne, yana zaune a wani wuri riƙe da tasa wayar. Bot ɗin da ake zubawa a Free Fire don cike wasa, wato 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa, ai ka san su, su tsaya a fili suna harbin iska, ba sa buɗe baki balle su raba dare suna hira da Hausa suna dariya har da alƙawarin dayamon. Zan dawo kan wannan don a nan matsalar take, amma bari in fara sallamar ɗaya tambayar taka.

Magana da gem tsohon buri ne. Nintendo sun fitar da Hey You, Pikachu! a 1998 da makirfo ɗinsa, Seaman ya fito a Dreamcast a 1999, SOCOM na PS2 a 2002 kana ba sojojinka umarni ta hedifon, EndWar na Ubisoft a 2008 kusan duk yaƙin da baki ake yinsa, sai Kinect, na'urar Xbox mai kyamara da makirfo, da aka haɗa wa Mass Effect 3 a 2012. Dukkansu jerin kalmomi ne aka haddace musu, ka kauce daga jerin shikenan gem ya zama kurma. Abin da ya canza yanzu shi ne an jona abu uku: mai juya muryarka zuwa rubutu, mai ƙirƙiro amsa nan take, da mai karanta amsar da murya irin ta mutum. Nvidia sun nuna nasu mai suna ACE a 2023, Ubisoft suka nuna NEO NPC a Maris 2024, sai Vader ɗin da ka gani a Mayu 2025, wanda Gemini na Google ke haɗa masa amsa, ElevenLabs kuma ke fitar da muryar James Earl Jones, jarumin da ke yi wa Vader murya a fim, da ya rasu a Satumba 2024, da amincewar iyalansa. A ranar da aka sake shi 'yan gem suka ja shi ya yi ashar, dole Epic masu Fortnite suka yi gyaran gaggawa. Ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta SAG-AFTRA ma ta shigar da ƙorafi a kai, dama tun Yuli 2024 masu ɗora murya a gem suke yajin aiki a Amurka saboda AI, sai Yuni 2025 suka janye.

A ganina murya ba za ta kori pad ba. Babban yatsa ya fi harshe sauri, kafin kace "harba" an riga an kwantar da kai. Kowace jimla da AI ya amsa kuɗi ne kamfani ke biya wa saba, wato babbar kwamfutar da ke aikin, kuma sai maganar ta je ta dawo, ka san yadda netwok ɗinmu yake, ga ƙarar janareta da ihun yara a shago irin naka. Inda take da amfani na gaske shi ne ba abokan sikwad umarni, gem ɗin bincike da kake yi wa mutum tambayoyi, gem ɗin tsoro irin Phasmophobia na 2020 da fatalwar ke jin abin da ka faɗa, da kuma masu lalurar hannu ko gani da pad ke ba su wahala, wannan ɓangaren ni shi ya fi burge ni. Hausa kuwa za ta daɗe a baya. Whisper na OpenAI, mai juya murya zuwa rubutu, ya sa ta a jerin yarukansa amma kuskurensa yana da yawa, muryoyin da aka tara na horarwa kaɗan ne, kuma mu a jimla ɗaya sai mu gauraya Hausa da Turanci da broka, ga Basakkwace ga Bakano ga Badamagare kowa da nasa harshen.

Toh yanzu maganar da ta fi ci min rai. Kusan kullum sai na ji wani uba ko wata uwa sun ce "ai da kwamfuta yake magana," su juya su ci gaba da harkarsu. Da a ce wani baƙon ƙato ne ya zauna a zaure yana hira da yaron har ɗaya na dare da tuni an tara unguwa, amma da yake muryar ta cikin iyafis take fitowa sai a ɗauka inji ne. Labaran AI da suka cika ko'ina sun ƙara wa wannan kuskuren ƙarfi, yaro ya samu amsar da zai rufe bakin manya da ita, wani lokacin ma ba ƙarya yake ba, can ɗin ne aka ce masa "ni AI ce" ya yarda, ko kuma aka koya masa ya faɗi haka in an tambaye shi a gida. Wannan na biyun shi ya fi muni, don duk wanda ya koya wa yaro abin da zai faɗa wa yayansa ya san abin da yake yi ba daidai bane.

Ba nace duk wanda ke buɗe makirfo a gem mugu bane, yawancinsu yara ne da samari masu neman abokin wasa. Amma ruwa ba ya tsami banza, baƙo ba ya yi wa ɗan shekara 12 alƙawarin dayamon haka kawai. Hanyar kusan ɗaya ce kullum: a yabe shi ya iya wasa, a yi masa ƙaramar kyauta, a ce mu koma WhatsApp ko Telegram don nan surutu ya yi yawa, daga nan sai a ce wata lamba za ta shigo wayarka turo min in saka maka dayamon. Kuma kai da bakinka kace wayar mamanku ce, wato layin da banki ke turo lambar sirri ta kansa, layin da WhatsApp ɗinta yake kai. Wasu ba kuɗi suke nema ba, hoto suke nema, in sun samu ɗaya sai barazana ta biyo baya, yaro kuma kunya da tsoron duka su hana shi faɗa wa kowa.

Kar kace ai ka saurara ka ji muryar yaro ce ko ta mace. Manhajar canza murya nan take ta zama ruwan dare, mai gemu zai iya fitowa da muryar 'yar shekara 13. Ita ma muryar ƙaninka abin ɗauka ce. Tun Janairu 2023 masu bincike a Microsoft suka nuna VALL-E da ke kwaikwayon murya daga sautin daƙiƙa 3 kacal, kuma a shekarar wata uwa daga Arizona ta ba da shaida a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa an kira ta da muryar 'yarta tana kuka wai an sace ta, alhali yarinyar lafiyarta ƙalau. Ka auna irin wannan kiran a yankinmu da garkuwa da mutane ta riga ta tsorata kowa, wace uwa ce za ta tsaya bincike?

Abin haushin, maimakon a yi wannan maganar sai a cika mana waya da sautin wani da bai taɓa riƙe pad ba yana rantsuwa wai aljanu ne ke magana a cikin gem, a tura wa guruf goma. Iyaye su tsorata da abin da babu shi, su tofa wa waya addu'a su miƙa wa yaron, makirfo yana nan a buɗe. Addu'a kam a yi ta, amma a shiga setin a rufe. Sai kuma masu ɗora manhaja a kasuwar waya da ke karɓar kuɗi su saka wa yara Free Fire na mod, wato wanda aka yi wa kwaskwarima, wai mai AI ko mai dayamon kyauta. Babu wani AI a ciki, ka duba izinin da yake nema, saƙonni, lambobin waya, makirfo, me gem zai yi da saƙonnin mamanku? Ƙarshenta a rufe akawun ɗin yaron, in an yi rashin sa'a a kwashe na banki.

Kamfanonin ma kar ka sakar musu jiki. A Disamba 2022 Epic suka amince su biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka, cikin laifukan har da barin hirar murya a kunne ga yara tun daga farko. Bayan nan ne ake ta gyara, Fortnite yana riƙe minti 5 na ƙarshe na hira don a iya kai ƙara, Call of Duty sun saka ToxMod a 2023 yana sauraron zagi da cin zarafi. Amma da Turanci aka fara waɗannan, wanda ke lallaɓa yaro da Hausa cikin ruwan sanyi babu injin da zai kama shi yanzu. Muna da dokar kare bayanai ta 2023 a Najeriya, sai dai kafin takarda ta bi ofis-ofis aikin gama ya gama. Ko AI na gaskiya ne ma, abin da aka faɗa masa yawanci sabar kamfani yake tafiya, ba wurin faɗin sunan makaranta da unguwa bane.

Kuma abin zai ƙara rikicewa. A Janairu 2025 Krafton da Nvidia sun nuna PUBG Ally, abokin sikwad na AI da kake masa magana yana amsawa yana nemo maka makami, a kwamfuta mai katin hoto na Nvidia da ake kira RTX. Ranar da irinsa ya sauko wayoyin yaranmu, "AI ce" za ta zama amsar da ke iya zama gaskiya, kunne kaɗai ba zai raba maka ba. Shi yasa nake so ka koya masa alamar da ba ta canzawa: AI ɗin gem a cikin gem yake tsayawa, ba shi da lambar WhatsApp, ba ya neman hoto, ba ya neman lambar da ta shigo waya, ba ya cewa kar ka faɗa a gida.

Yau da dare kar ka fara da faɗa ko ƙwace waya, in ka yi haka zai goge komai ya koma wayar aboki. Kai ɗan gem ne, zauna ku buga tare, cire iyafis ɗin a sa a sifika, ka ce ya gayyato "AI" ɗin, za ka ga suna da lambar ID da matakin akawun kamar na kowa. Duba jerin abokansa, duba WhatsApp da Telegram ko akwai sabuwar lamba, tambaye shi cikin lallashi ko ya taɓa tura lamba ko hoto. In ya tura lamba, a kira banki a daren a canza PIN, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp ɗin Mama. In hoto ne ko an fara masa barazana, ɗauki hoton allo na hirar da ID ɗin kafin ka yi bulokin, kar a biya ko sisi, a kai wa 'yan sanda. Sannan ka shiga setin wayar ka cire wa gem ɗin izinin makirfo gaba ɗaya, sai ranar da za su buga da yaran da ka san su ido da ido ka mayar masa.