Na'urar Auna Yanayi Ta Fara Ƙarya: A Gyara Ko A Sayi Sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya aiko mini da na'urar auna yanayi ta gida, na kafa ta a bayan gida saboda lambuna. Guguwar da ta zo gabanin ruwan farko ta kayar da ita. Na ɗaga na mayar, amma tun daga nan da rana takan nuna zafi har digiri 49, ruwan sama kuwa ko kwana aka yi ana yi sai ta nuna sifili. A saitinta na ga wurin ƙara lamba ko ragewa. In rage lambar ne, ko in haƙura in sayi sabuwa? Daga mai lambu, Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa wannan saitin tukuna. An yi shi ne don kuskuren da ba ya canzawa, misali na'urar da kullum take ƙara digiri 1, dare da rana. Taka kuwa da rana kawai take zuzutawa. In ka rage mata digiri 7 don azahar ta yi daidai, da asuba za ta nuna maka sanyin da babu shi, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Fara da gwaji mai sauƙi. Allon da ke cikin ɗaki yana da nasa ma'aunin zafi. Sauko da ta waje, ka ajiye su gefe da gefe a ɗaki su kwana. In da safe bambancinsu bai wuce digiri 1 ba, ma'aunin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ga rumfarsa. Ina nufin fararen farantan nan da aka jera a kan juna, waɗanda aikinsu su tare rana su bar iska ta ratsa. Faɗuwa takan tsaga su ko ta karkatar da su, rana ta samu kafa ta shiga. Duba kuma inda ka mayar da ita. Ƙa'idar masana yanayi ita ce ma'aunin zafi ya kasance tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, a fili, nesa da gini. Wanda aka ɗaure a jikin katangar siminti ko a saman kwano, zafin kwanon yake aunawa. A watan Afrilu da Mayu Daura kan haura digiri 40, wannan kowa ya sani, amma 49 kullum ba gaskiya ba ce.

Sai batun ruwa, kuma nan na fi zargin faɗuwar. Cire mazurarin da ke sama, za ka ga wani ɗan cokali mai baki biyu a kan ƙusa, yana jirkicewa kamar lilon yara. Duk lokacin da ɓangare ɗaya ya cika sai ya tuntsure, wani ɗan maganaɗisu a jikinsa ya gifta gaban wani makunni ƙarami na gilashi, allo ya ƙirga kimanin milimita 0.2 zuwa 0.3, gwargwadon ƙirar. Sa yatsa ka jirkita shi sau da yawa, ka jira minti ɗaya, ka duba allo. In lamba ta motsa, to ko dai ramin mazurarin ne ya toshe, ko na'urar ba ta miƙe daidai ba. Ƙurar hunturu kan taru ta zama laka da yayyafin farko, gizo-gizo kan ɗaure cokalin, zanzaro kuma ba shi da wurin gina ɗakinsa da ya fi wannan. Wanke da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ka daidaita sandar har ƙwayar iskar da ke cikin ɗan gilashin saman ta tsaya a tsakiya. In kuwa lamba ba ta motsa ba, maganaɗisun ya fita ko gilashin makunnin ya fashe. Mai gyaran rediyo mai natsuwa zai iya canza shi da dalma, ba abu ne mai tsada ba. Bayan gyara, ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki kusa da ita, in an yi ruwa ka auna zurfinsa da rula ka gwada da abin da allo ya ce.

Sabuwa sai in ruwa ya shiga allon wayoyin ciki ya yi tsatsa. In ta kai ga haka, ka nemi wadda ake sayar da sassanta ɗaiɗai. Kamfanonin Davis da Ecowitt duk suna yin haka, sai dai na farkon kuɗinsa ba na wasa ba ne. Mai arhar da aka dunƙule komai a jiki ɗaya ba tare da kayan canji ba, ranar da abu guda ya mutu ta tafi ke nan.

Tambaya: Malam, tawa tun shigowar hunturu danshin iska ya tsaya a kan kashi 10, ba ya gaba ba ya baya. Lambar matsin iska kuma ta sha bamban da wadda nake gani a waya. Ta lalace ne? Daga wata malamar makaranta, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Malama, mai yiwuwa babu abin da ya same ta. Da yawa daga ƙananan na'urorin nan ba sa iya nuna ƙasa da kashi 10, iskar Katsina kuwa a Janairu da Fabrairu takan bushe har ta kai wannan iyaka da rana. Ga yadda za ki tabbatar. Zuba gishirin girki a murfin kwalba, ki ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe ba tare da ya narke ba. Saka shi tare da ma'aunin a roba mai murfi, ki rufe ruf, su kwana. Iskar ciki za ta tsaya a kan kashi 75. In ya nuna 72 ko 78, nan ne saitin ƙara lamba yake da amfani. In ya kafe a kan 10, ko ya yi tsalle zuwa 99, ma'aunin ya mutu, canji ne maganinsa. Ki leƙa batir ma, domin zafi kan sa ya yi yoyo ya ci ƙarfen.

Matsin iska kuwa ba lalacewa ba ce. Katsina tana sama da teku da kimanin mita 500, don haka na'urarki za ta nuna wajen 955, alhali lambar waya, wadda aka lissafa kamar ana bakin teku, tana wajen 1010. Allon yana da lambobi biyu, ta zahiri da ta lissafi. Bar ta zahirin yadda take, ki saita ta biyun ta yi daidai da wadda aka bayar ta filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'adua a wannan sa'ar. Sau ɗaya ake yi, sai in kin ƙaura da ita wani gari.